Ɗakunan Ƙasa na Bapa Usodan

A birnin Marawi, in ka ce Bapa Usodan ne ya gina maka gida, to an san kana da abokan gaba, kuma ba ka shirya mutuwa ba. Shekara talatin da biyar yana wannan sana'a. Shi ba ruwansa da bulo. A kafa katako, a jera rodi, a zuba kankare har bango ya yi kaurin da harsashi ba ya hudawa. Dalili kuwa rido, gabar jinin nan da dangi ke gada, wadda kan sa a buɗe wa gida wuta saboda abin da ya faru tun ba a haifi masu gidan ba. Duk gidan da ya gina sai ya yi masa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓoye ƙofar, shi da maigidan su dafa Alƙur'ani a kan ba mai faɗa wa kowa.

Mutum ne mai zargin tsiya. Buhun siminti sai ya zura hannu ciki, wai ko an gauraya masa da toka. Ka gaishe shi da fara'a sosai, ya wuni yana tunanin me kake nema. Leburorin haƙa ma daga garin nesa yake ɗauko su, ya sallame su kafin a sa ƙofa. Mutum ɗaya tak ya yarda da shi, ɗansa Kosain, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda suka shekara goma sha biyu suna aiki tare.

Ana saura kwana kaɗan azumi wasu mayaƙa masu baƙar tuta suka shigo gari da bindigogi. Usodan da matarsa Rakma da matar Kosain da jikoki suka fita da ƙafa, ba su tsaya ba sai wata makaranta a garin Saguiaran. Kosain ya ce su yi gaba, zai kulle gida ya biyo su. Bai biyo ba, wayarsa kuma ta daina shiga.

Daga tudun bayan makarantar ana hango hayaƙin birni. Kullum da hantsi jiragen yaƙi su zo su sauke bama-bamai, maza su taru suna kallo, kowa na ƙoƙarin gane ko unguwarsu ce. Wani tela mai suna Makmod, wanda rediyo ba ta barin kunnensa, ya ce, “Bapa, an ce kwana uku ya rage. A gida za mu yi Sallah.”

“Makon jiya ma kwana uku ne,” in ji Usodan. “Kai dai ɗinka wa masu rediyon riga. Jirgi zai rushe hawa na uku da na biyu, mayaƙan da ke ɗakin ƙasa su karkaɗe ƙura su fito. Ni na zuba kankaren nan, ni zan faɗa maka.”

Amma abin da ke cin ransa bai faɗa wa tela ba. Masu baƙar tuta yawancinsu baƙi ne daga ƙauyuka. Wa ya nuna musu ƙofofin?

A mako na huɗu wani hafsa ya zo nemansa, Kyaftin Abelyana, siriri, idanu jajur don rashin barci. Ya cire hula, ya zauna a bencin 'yan makaranta, ya ce, “Bapa, an ce rabin titin kasuwa aikinka ne.”

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

“Mutane ba su da suna, Yallaɓai?”

Kyaftin ya ce bam ya yi iyakar abin da zai yi, dole sojoji su shiga da ƙafa gida gida, kuma jiya ya rasa mutum huɗu a gidan da jirgi ya daka sau biyu. Sannan ya jera hotuna a kan benci: ramuka ne da aka fasa a bango, mutum ya rarrafa daga wannan gida zuwa wancan ba tare da jirgi ya gan shi ba. Usodan ya ɗauki ɗaya ya matso da shi kusa da ido. Bangon gidan wani mai sayar da gwal ne. Shekarar da aka gina shi rodi ya yanke musu, shi da Kosain suka bar tazara a kusurwa ɗaya, suka yi shiru da bakinsu. Daidai wurin aka fasa, ko kamu ɗaya ba a kuskure ba. Ya ɗauki na biyu, haka. Na uku ma haka.

“Ka ga wani abu ne?”

“Tsufa ne, Yallaɓai. Ido ya tafi.”

Kyaftin ya bar masa takarda da biro don ya zana masa ɗakunan ƙasan titin, ya ce gobe zai dawo.

Rakma tana bayan allo tana jin komai. Tana fitowa ta ce, “Na ga fuskarka. Kama Kosain suka yi. Bindiga a ka, wa zai ƙi fasa bango?”

“Wata shida yana zuwa wani karatu bayan la'asar. Kin taɓa jin sunan malamin?”

“Kai ko uwarka zarginta kake yi. Ɗanka ne fa.”

“Shi ya sa.”

Ta yi kuka, shi kuwa ya zauna da takarda a gaba, tsoro da kunya sun cika shi. Rantsuwa arba'in da wani abu ya yi a rayuwarsa bai taɓa karya ɗaya ba. Da safe ya karya su duka. Ya zana titin gida bayan gida, kowane da ɗakinsa da ƙofarsa, har wadda ke ƙarƙashin randar wanka da wadda ke bayan murhu. Da ya iso kan nasa gidan, hannu ya ƙi. Ya san ɗansa: in wuta ta yi wuta, ko ɗaurarre ne ko da son ransa, ɗakin ƙasan gidan nan zai nufa. Ya zana bango huɗu ya bar cikin fari fat, ya wuce na gaba.

Kyaftin ya zo ya bi taswirar da yatsa, a hankali, yana gyaɗa kai. Yatsan ya tsaya.

“Wannan na waye?”

“Nawa.”

“Ba ɗakin ƙasa?”

“Ni talaka ne, ba ni da abokin gaba.”

Kyaftin ya daɗe yana kallonsa, ba fushi a fuskarsa, sai wani abu mai kama da tausayi, kuma shi ya fi tsorata Usodan. Sai a lokacin Usodan ya dubi aikin hannunsa da idon baƙo: titi guda cike da zane, gida ɗaya tal ba komai, kuma na maginin ne.

“Ɗanka nawa ne shekarunsa, Bapa?”

Usodan bai taɓa gaya masa yana da ɗa ba. Kyaftin ya karɓi biron daga hannunsa, ya kewaye gidan, ya ninke takardar ya sa a aljihu.