Mma Ayishetu da kwalbar da ta fasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 1967, ina bakin tukunyar kokona a unguwar Nima aka zo mini da labarin rasuwar Mma Ayishetu, ungozomar unguwarmu Maamobi. Ban san inda na yar da ludayin ba.

Mma, rabin yaran unguwar nan a hannunki suka faɗo. Ko ana ruwa kina tafe, goro a kunci, tun daga bakin ƙofa kina faɗan me ya hana a ɗora ruwan zafi. In mai naƙuda ta cika raki, sai ki ce ai ranar daɗin ba ta aiko a kira ki ba. Ana cikin dariya jinjiri zai iso. Kai, an yi zamani.

A lokacin kusan kowace mai ciki tana da kwalbarta a ƙarƙashin gado: saiwoyi da citta da kanumfari, a jiƙe cikin afoteshi, barasar nan ta mutanen gari. Da Musuluncinmu muka ce ai magani ne, ba giya ba. Ke kika haɗa mini tawa a cikina na fari. Na sha safe da yamma, har ina ƙarawa, don tana kwantar mini da tashin zuciya. Na haifi Sala 'yar mitsitsiya. Sai da ta shekara huɗu ta fara magana, yau shekararta goma sha uku, ni nake ɗaura mata zane.

Mu muka ce iskokai ne. Ke kuwa kika yi ta lura da yaran da suka fito haka, kina tuna yadda iyayensu mata suke da kwalbar. Ranar wani suna, gida cike da mata, kika fasa taki kwalbar a ƙasa. Kika ce ba ki yi karatun likita ba, amma idonki ya gani, kada mai ciki ta ƙara kusantarta. Wasu suka ce ruɗin tsufa ne, wasu suka daina kiranki haihuwa. Ko a jikinki.

Washegari kika zo ɗakina, kika durƙusa, ke da a shekaru kin haife ni. "Fatimata, hannuna ne. Ki yafe mini." Ni kuwa da baƙar zuciyata na juya miki baya. Shekara tara kina zuwa kowace Juma'a kina yi wa Sala kitso, kina biya mata Fatiha aya-aya. Muna gaisawa, har abinci muna ci tare, amma kalmar nan ɗaya na hana ki. Kullum sai in ce gobe. Wallahi tuntuni zuciyata ta huce, girman kai ne ya kulle mini baki, kuma ina jin kunyar kaina.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Gafaru da jikoki da duk matan Maamobi, Allah Ya ba mu haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan ya zama shaida gobe kiyama: Mma, na yafe miki duniya da lahira. Ku roƙa mini Allah Ya sa ita ma ta yafe mini jiran da na sa ta yi.