Malam Yehiel da Haruffan Yumɓu

Kullum da sassafe za ka gan shi yana hawo tudun unguwarmu a Urushalima, hula a ƙeya, jaka cike da tsingaro. Malam Yehiel Sharabi ya tsufa yana nazarin Attaura da rayuwar kakanninmu na dā, abin da suka ci da yadda suka yi rubutu. Da rana kuma yana koya wa ƙananan yara haruffan Ibrananci a ɗakin bayan majami'a. Wannan watan zai ajiye aiki, ni kuwa ba zan yi shiru ba.

'Yata Tirza ba ta gani. Da ranar fara karatun tsaranta ta matso, ranar da ake shafa zuma a kan haruffa yara su lashe, na ce ba inda za ta. Ba zan kai ta tana lalube ana yi mata dariya ba.

Sai ga Malam a ƙofarmu.

"Maman Tirza, ina ɗalibata?"

"Haba Malam, da wane idon?"

"Ke da ido kike shan zuma? Ki kawo min ita, ki zauna a baya in kina tsoro."

Na je na zauna, takalmanta a hannuna, ko da gudu zai kama. Ashe ya kwaɓa yumɓu ya karce haruffa a jiki, yadda mutanen dā ke karce sunansu a tulu, ya gasa, ya cika ramukan da zuma. Ya ce kowa ya rufe ido, yau da yatsa za a yi karatu.

"Kai Gadi, ɓarawon kallo, na gan ka!"

Ajin ya kwashe da dariya. Suna ta fama, sai na ji muryar 'yata: "Malam, wannan irin na farkon ne, alef!" Ta riga kowa. Ta lashe yatsa ta ce a ƙaro.

Malam, kai ne ka ga ɗaliba a inda ni uwarta na ga abin ɓoyewa. Na gode, Allah ya ƙara maka lafiya. Ku malaman da za ku gaje shi, in yaro bai zo ba, ku taka ku buga ƙofa.

Yanzu Tirza ce ke tashina: "Mama, yi sauri, 'yan ajinmu na jira in koya musu."