Jaririyar da Fim Ya Manta

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur ko rediyo, maigidana jita ya sayo, abin kiɗan Turawa. Direba ne a kamfanin siminti na Kalambaina, ɗan gidan malamai a Ƙofar Atiku. Shi ya sa jitar take kwana ƙarƙashin gadonmu a unguwar Gidan Dare, naɗe cikin tsohon zanena. Asabar yakan je wani otal su yi kiɗa da abokansa. Ina goyon 'yata ta fari ya ce zai bar aiki ya bi su Legas. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. In na ɗora tukunya sai in manta ko na sa gishiri.

Ya ce kada in ce komai sai na ga wani fim na rayuwar wani mawaƙin Turawa. Shi ya sha kallonsa a silima, ga shi za a nuna a talabijin ran Lahadi da yamma. Maƙwabciyarmu, malamar firamare 'yar Kudancin Zariya, ita ke da talabijin. Ta dawo daga coci, ta shimfiɗa mini tabarma.

"Zauna, Amarya. Ni ce tafintarki yau, kuɗin fassara gyaɗa ce."

Ba zan yi wa fim ɗin ƙarya ba, akwai abin da ya sani. An nuna mawaƙin tun yana ɗaukar kaya a tasha, ana yi masa magana yatsunsa na buga tebur, idonsa na kanka amma ba ya nan. Haka maigidana yake a kan faranti. Da ya hau dandali ya buɗe baki, ban ji Turanci ba, amma tsigar jikina ta tashi. Ranar na gane ba iskanci ke damun mijina ba.

Sai dai akwai matarsa a farkon fim ɗin, da jaririya cikin farin tawul. Ya sumbace su a bakin ƙofa ya shiga mota. Na yi ta jira. Ya yi kuɗi, ya yi ƙiba, ya sha ƙwaya, ya faɗi, ya tashi. Ina ta leƙen bayan mutane ko zan hango tawul ɗin.

"Malama, ina ɗiyar?"

"Ba su ce ba."

"To wa ka ba su abinci?"

Ta yi dariya. "Ke, ana kallon mai waƙa kina kallon kicin."

Har ya mutu, jama'a cike da titi suna kuka, ba a sake nuna ɗiyar ba.

Na iske maigida a tsakar gida yana jirana, fuska sake.

"Mi kig gani?"

Na ce na ga yatsunsa, na ga kuma abin da ke kiransa, gaskiya ne. Sannan na ce, "Malam, ɗiyar nan ta cikin tawul, ina ta ƙare?"

"Wace ɗiya?"

Da gaske yake tambaya. Duk kallon da ya yi, bai san akwai ta ba. Na kwance goyona na ɗora masa ita a cinya, na shiga ɗaki.

Litinin ya tafi Kalambaina. Bai ce ya fasa Legas ba, ban kuma tambaya ba. Shekaru na yi, duk sanda ya fita aiki, sai na durƙusa na laluba ƙarƙashin gado, in ji ko jitar na nan.