Na'urar Dakta Habibu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Hajiya, matar malamina Dakta Habibu, ta kira ni.

"Zainab, Dakta ya rasu bayan sallar asuba. Ki zo don Allah, na'urar nan tasa tana ta aiki, ba wanda ya san yadda ake kashe ta."

Ban san yadda na iso Nassarawa daga Badawa ba.

A ɗakin bayan gidansa yake bincikensa. Ruwan kwata yake ɗebowa, wanda masu lambu ke ban ruwan latas da shi. Ya tsoma farantan ƙarfe biyu a ciki, ya saka musu lantarki su farfasa ragowar magunguna da rini, sannan ruwan ya bi ta cikin gawayin tacewa.

Da ƙwallon dabino yake yin gawayin. Duk azumi maƙwabta ke tara masa, har Malama Rifkatu da ba ta azumi takan karɓo na ɗalibanta ta kawo.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta a asibiti, shi ya riƙa kula da samfuran bincikena har na dawo. Bai taɓa ambata ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, satin da ya wuce, ya ɗaga kofin gilas a saitin taga. Ruwa garai-garai.

"Za ki sha?"

Na ce sosai ma.

"To ban tace shi ba tukuna. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, Zainab. Ba launi, ba wari, kuma yaranmu na ci a salak."

Sai ya ce in dawo mu duba sakamakon sabon gawayin tare.

Yau na shiga ɗakin. Sola ce ke ba na'urar wuta, ruwan na ta ƙananan kumfa, yana ɗiga a kwalba ɗis, ɗis. Tabaransa na kan tebur. Daga waje ina jin ana shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Na daɗe a tsaye, hannuna a kan makunnin. Wallahi ji nake zai shigo ya ce, "Bari ta ƙarasa."

Na bari kwalbar ta cika. Sannan na kashe.

Tun da na dawo gida ƙarar ɗigar nan ba ta bar kunnena ba.

Allah Ya jiƙan Dakta, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da yaran haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya saka shi a addu'a.