Kujerar da ke Gefen Shafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, aka bugo mini waya cewa Mai Zanen mujallarmu ya rasu, bayan jinyar mako uku.

Mai Zane, shekara goma sha ɗaya ina miƙa maka dogayen maƙaluna, kana dawo mini da su da 'yan zane-zane a gefen shafi. Fitila inda zuciyar magana take, ƙofa inda aka shiga sabon zance, sai 'yar kujera inda mai karatu zai huta. Wata rana na ƙirga kujeru bakwai a maƙala ɗaya, na zo ina tayar da jijiyar wuya. Ka ɗago daga teburinka na bakin taga, fensir a bayan kunne, ka ce, "Ranka ya daɗe, kai ka sa masu karatu tafiyar ƙasa. Ni wurin zama kawai na ba su."

Har yanzu in na lumshe ido, sai in ga shafin ya zama doguwar hanya da yamma, fitilunka na kamawa ɗaya bayan ɗaya, kana gaba kana waiwayen ko mun iso.

Sai da na je gaisuwa na san mafarin abin. Maiɗakinka ta ce da girmanta ta koyi karatu, dogon rubutu kuwa tsoro yake ba ta. Kowace maƙala ita ke fara bin ta da yatsa a gida, inda ta tsaya ta ja numfashi nan kake sa kujera.

"Malam," in ji ta, "ta wannan watan ta zo babu komai a gefe. Na kai rabi na ɓace. Ina jin ni da karatu shi ke nan."

Maganar nan ta sa ni hawaye. Ban iya zane ba, ka sha yi mini dariya a kai, amma jiya na ɗauki fensirinka na bi maƙalar da zane, na kai mata. Kujerata ta karkace, ƙafarta uku. Ta duba ta yi murmushi, ta ce za ta zauna a hankali. Ta ɗora yatsa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya hutar da kai a Aljanna. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka da mu abokan aikinka haƙurin rashinka. Amin.