Guzurin Babur ɗin Kawu

"Alhaji, sai an juye man nan tas," in ji mai ɗaukar kaya, yana leƙa tankin babur ɗin kawuna a ƙofar gidanmu a Tudun Wada.

Kawu zai koma Jidda da aiki, ya rantse sai da tsohon babur ɗinsa. Da safen nan ya cika masa tanki fal.

Kawu ya ɓata rai. "Malam, shekara goma sha biyu yana ɗawainiya da ni. In sallame shi ba guzuri?"

"Jirgin ruwa ba ya karɓar babur da mai a ciki. Kuma Saudiyya fa za shi, Alhaji, garin mai!"

Kawu ya shafa tankin. "To, juye. Amma bari in juya baya tukuna."

Yanzu guzurin yana cikin janaretona. Jama'a, halal ne, ko na ci haƙƙin matafiyi?