Madam Hannatu Mai Leƙen Gashin Ganye

Kowace safiya, kafin ɗalibai su iso, Madam Hannatu Barnabas takan zaga tukwanen furen jeraniyum da ke ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a unguwar Mando, ta tsinko ganye ɗaya. Ta sa reza ta yanko shi siriri kamar ɓawon albasa, ta ɗora a gilashi, ta tura ƙarƙashin maikiroskof, madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Mu maƙwabtanta na Abakpa har tsiya muke yi mata: mace da jikokinta, ta ƙare a leƙen gashin ganye.

Na daina tsiyar ranar da na tarar da 'yata Ilham, lokacin tana tatata, baki kore shar, tana kwara amai. A tsakar gidanmu akwai jeraniyum, akwai kuma oliyanda, furen da dafinsa ke tsayar da zuciya. A asibiti likita ya tambaye ni wanne ta ci. Ban sani ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Hannatu, wadda ta rako mu, ta kankare taunannen ganyen daga rigar yarinyar, ta tari keke mai ƙafa uku zuwa Mando. Abokin aikinta Malam Ja'afaru ya ce mini daga baya ta yi ta dubawa tana sakewa, don gudun kada ta ce lafiya alhali ba lafiya ba. Can sai wayata ta yi ƙara.

"Maman Ilham, ki yi numfashi," in ji ta. "Gashin da na gani masu ɗan kai ne kamar ashana, na jeraniyum ke nan, shi kuwa ba ya kisa. Da oliyanda ne, da na ga ƙananan ramuka a bayan ganyen. Babu ko ɗaya. Ba ni likitan mu yi magana."

Ke ce mai idon da ya kai inda namu bai kai ba, Hannatu. Allah ya saka miki da alheri.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, idanun sun fara gajiya, kuma har yanzu ba wanda ya zauna ya koyi yankan nan a hannunta. Abin yana ba ni tsoro. Matasa, ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya nuna muku. Na sare oliyandan gidana, amma yana nan a shingen maƙwabta da harabar makarantu, ga shi ƙanwar Ilham ta fara rarrafe.